Albashin Abuja da Hayar Abuja: Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kaya

 

An nemi in yi magana a kan tambayar da ke yawo a gidaje da yawa a garin nan na Kano, kuma na san haka take a Katsina da Zariya da Gusau da Sakkwato. Mutum yana aikinsa a gida, albashin bai taka kara ya karya ba, amma ana rufa asiri. Rana tsaka sai ga takarda daga Abuja ko Legas, an ninka masa albashi, wani lokacin har da ɗori. Ya tafi ko ya zauna? Na ga waɗanda suka tafi suka gode Allah, na kuma ga waɗanda suka dawo bayan shekara biyu da bashi a wuya. Abin da ya raba su, a mafi yawan lokuta, lissafi ne. Waɗancan sun zauna da biro da takarda kafin su hau mota, waɗannan kuwa adadin da ke kan takardar ɗaukar aiki kaɗai suka kalla.

Bari mu fara da adadin nan. Abin da aka rubuta a takarda daban, abin da alat zai nuna a waya ranar biya daban. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 10. Kuɗinka ne, amma ba za ka ci shi a wannan watan ba. Sannan ga harajin albashi, wanda shi kuma yana hawa ne yadda albashi ke hawa. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa wanda zai ɗauke ka aiki ita ce: nawa ne zai shigo asusuna bayan an cire komai? Kada kunya ta hana ka. Da yawa daga cikin yaranmu suna ganin rashin ladabi ne su yi wannan tambayar, alhali wanda ke zaune a gabansu ya saba jin ta kullum.

To, daga nan sai maganar gida, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne albashin birni yake nutsewa.

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta yanke shawarar kafa shi a 1976, aka tare a hukumance ranar 12 ga Disambar 1991 zamanin Janar Babangida. Ma'aikatan farko da aka kwaso daga Legas gwamnati ta ba su gidaje a Garki da Wuse da Kubwa da sauran unguwanni. Amma tun daga 2003, lokacin Shugaba Obasanjo, aka sauya tsari, aka mayar da gida da mota zuwa alawus a cikin albashi, daga baya aka sayar da gidajen gwamnatin. Ma'aikacin da ya isa Abuja yau, kasuwa zai shiga ya nemi haya kamar kowa, yana gogayya da 'yan kwangila da 'yan siyasa da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasashen waje. Maitama da Asokoro da Wuse 2 ba maganarmu ba ce. Maganarmu ita ce Kubwa da Lugbe da Dutsen Alhaji da Gwagwalada da Kuje, in ma ba a samu nan ba a tsallaka iyaka zuwa Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja.

Haya a can ta shekara ce cif, a dunƙule, kuma akwai masu gidan da ba sa sauraronka sai da ta shekara biyu. Bayan kuɗin hayar akwai na ejan, wanda aka saba yanka kashi 10 cikin ɗari, akwai na lauya da zai rubuta yarjejeniya, shi ma yawanci kashi 10, akwai kuma kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe ko da za ka lalata masa wani abu. Duk wannan kafin ka shimfiɗa tabarma. A Legas dokar haya ta 2011, wadda aka yi zamanin Gwamna Fashola, ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga cikin hukuncinta, kuma ko a sauran unguwannin, mai neman gida da jakarsa a hannu ba shi da ƙarfin yin jayayya da mai gida.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman nan na ƙaddarawa ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Mu ce akanta ne a nan Kano, yana zaune a sashensa a gidan gado a Gwale, abin da ke shigo masa a wata naira 155,000 bayan an cire komai. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa naira 1,000 a rana, kwana 22 ya kama 22,000. Saura 133,000 na cefane da makaranta da sauran hidima. Aka kira shi Abuja a kan naira 400,000, abin da zai shigo hannunsa mu ce 330,000. Ya sami gida mai ɗaki biyu a bayan gari a kan naira miliyan 2 a shekara, wato kusan 167,000 a kowane wata. Kuɗin mota 3,000 a rana, ya kama 66,000. Ku cire. Abin da ya rage 97,000 ne. Mutumin da aka ninka wa albashi fiye da sau biyu ya koma yana cefane da abin da bai kai na da ba, a garin da kwanon shinkafa da kilon nama suka fi na gida tsada. Ban kuma sa rabin miliyan ko fiye da ejan da lauya da kuɗin ajiya za su ci a ranar farko ba, ban sa kuɗin motar da za ta kwashi kaya ba.

Amma ku lura da abu guda. Da a ce a Kano ma haya yake biya, mu ce naira 500,000 a shekara, da abin da ya rage masa a gida ya dawo wajen 91,000, lissafin ya kusa yin kunnen doki. Wannan shi ya sa ba na yarda da mai cewa Abuja ba ta da riba, ko mai cewa duk wanda ya samu ya tafi. Mai gidan gado da ɗan haya ba amsa ɗaya za su samu ba, ko da takardarsu iri ɗaya ce.

Wani zai ce ai lissafin nan ya tsananta, wansa ya zauna a Abuja shekara goma ya yi gida ya yi mota. Gaskiya ne, amma wansa ya tafi a wani zamani. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Oktoban 2024 ta haura 1,000 a Abuja. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A Afrilun 2024 masu samun wutar lantarki a rukunin farko suka wayi gari kuɗin kowane ma'auni ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wannan tsadar ta taɓa kowa, na gida da na birni, amma ta fi cizon wanda komai nasa na saye ne: mazauninsa, ruwan shansa, tafiyarsa, har da mai kama masa yaro. Ko gwamnatoci sun san bambancin. Da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, Kano ta tsayar da nata a 71,000, Legas ta tsayar a 85,000. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a Legas ko ratar 14,000 tana cike bambancin haya da kuɗin mota.

Akwai kuma kuɗin da ba a biya da naira. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin titin Mararraba da sassafe ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ana idar da sallar asuba mutane ke fitowa, duhu bai gama yayewa ba, maza da kaftani a goge, mata da jaka a hammata da kular abincin rana a hannu, an yi layi a gefen titi ana miƙa hannu. Mota na rage gudu sai a yi mata caa, direba na kiran A.Y.A. ko Sakatariya, mutum huɗu a baya biyu a gaba. Tafiyar da ba za ta wuce rabin awa ba in hanya a buɗe take, sai ta cinye awa biyu, motoci sun yi cirko-cirko tun daga Nyanya. Da yamma a sake maimaitawa, ga fargabar 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja su kwashe masa waya da abin da ke asusunsa. Magidanci ya fita yara suna barci, ya dawo bayan isha sun yi barci. Awa huɗu a rana a kan titi, a mako awa ashirin, rabin makon aiki ke nan da ba wanda zai biya ka ladansa. A cikin awannin nan ne da yake zuwa makarantar dare, ko yake duba karatun allon yara, ko yake zama a shagon da ke kawo masa ɗan abin sayen sabulu.

Yanzu mu juyo gida, mu ƙirga abin da mutum ke ci a garinsu bai san yana ci ba, don ba ya shigowa ta banki. Kaka ta yi, kawu ya aiko da buhun masara da rabin buhun wake daga ƙauye. Uwargida za ta unguwa, ta miƙa yara sashen kakarsu, ba ko sisi. Yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, maƙwabci ya fito da babur ko ba a roƙe shi ba. Wata ya yi nisa, mai kanti a bakin layi ya buɗe littafi ya rubuta, don ya san mahaifinka. Hatsi daga Dawanau yake fitowa, kayan miya daga 'Yankaba, kafin a loda su a mota zuwa Abuja da Legas a ɗora musu kuɗin dako da na hanya. Ga adashe da mutanen da ka sani shekara da shekaru. A sabon gari kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi, wasu ma ko da kuɗi ba a samun su.

Ina so in tsaya a kan iyayenmu mata, don sau da yawa ana yin lissafin nan a zaure ba a shiga ciki an tambaye su ba. Mace tana sana'arta a cikin gida, ko ɗinki, ko kitso, ko turaren wuta, ko abincin sayarwa, tana da masu saye da ta tara a shekaru. Wata malamar makaranta ce, wata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin jiha, kuma aikin jiha ba ya bin mutum Abuja. Ranar da aka loda kaya a mota, wannan samun ya tsaya cak. Ta isa gidan haya a unguwar da ba ta san kowa ba, maigida ya fita tun duhu, ta wuni da yara tsakanin bango huɗu. Duk wanda bai sa samun matarsa da kwanciyar hankalinta a cikin lissafi ba, rabin lissafi ya yi. Haka kuma idan ita ce aka kira aikin, wajibi ne a zauna a yi mata lissafin da adalci iri ɗaya, kada a kashe maganar tun ba a duba ba.

Sai kuma sunan da za ka ɗauka. Daga ranar da aka ji ka koma Abuja ka zama ɗan Abuja, kuma ɗan Abuja a idon dangi ba ya rasawa. Kuɗin da kake turawa gida zai ƙaru ko albashi ya isa ko bai isa ba. Ɗakinka zai zama masaukin mai neman biza da mai zuwa ganawar neman aiki da mai jinya a Asibitin Ƙasa, kuma ba za ka kore su ba, ba ma za ka so ka kore su ba. Biki da suna da rasuwa ba za su daina ba don ka yi nisa, zumunci kuwa a ƙafa yake. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, Legas kusan 1,000. Kowa a ɗakin nan ya san halin da hanyar Kaduna ta shiga a shekarun baya, mun kuma tuna harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris ɗin 2022. Duk tafiyar gida kuɗi ce, wani lokacin har da zullumi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana matasa tafiya. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun taka da ƙafa har Gwanja suna sayo goro, sun kafa zango a Kumasi da Accra da Agege. Alhassan Ɗantata a fataucin goro ya fara ƙarfi kafin ya dawo Kano ya kama cinikin gyaɗa, Aliko Ɗangote kuma tun yana matashi ya koma Legas a ƙarshen shekarun 1970. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Akwai ayyukan da ba a koyon su sai a inda suke. Hedikwatar ma'aikatun tarayya da Babban Bankin Najeriya da ofisoshin jakadanci da hedikwatar ECOWAS suna Abuja, manyan bankuna da kamfanonin sadarwa da tashar jiragen ruwa ta Apapa suna Legas. Matashin da bai yi aure ba, wanda zai iya haɗa ɗaki da abokansa biyu, ya ci abin da ya samu, ya shekara uku yana koyon aiki a wurin da ake yin sa da gaske, ni ina ganin ya tafi ko da abin da zai rage masa bai fi na gida ba. Ribarsa tana cikin ƙwarewar da zai samu da mutanen da zai sani. Amma magidanci mai 'ya'ya huɗu a makaranta da tsofaffi a gida, wanda aikin da aka kira shi irin wanda yake yi ne a nan, albashi kawai aka ƙara, wannan ya yi lissafi sau biyu, ya kuma kai wa wani ya duba masa.

Masu cin rani sun riga mu gane wani abu. Manomi ya gama girbi, ya cika rumbu, ya bar iyali a cikin dangi, ya tafi birni shi kaɗai, ya kwana inda kwana ba ta da tsada, ya san abin da ya je nema, ya san kuma ranar dawowa, wato faɗuwar ruwan farko. Yana samun kuɗin birni yana kashewa a farashin ƙauye. Ma'aikata da yawa a Abuja haka suke yi yau, iyali a Kano ko Kaduna ko Zariya, maigida ya zo ƙarshen mako ko ƙarshen wata. A wajen kuɗi dabara ce mai kyau, kuma ina ba da shawarar a fara da ita na wata shida ko shekara, a ga kamun ludayin aikin da na garin. Amma ba na so ta zama zaman dindindin. Tukunya biyu ake ɗorawa, kuma yara suna girma ba uba a gida. Na san gidajen da aka ce shekara ɗaya za a yi, yau an shekara goma sha, yaran sun saba da muryar mahaifinsu a waya fiye da fuskarsa. In za a yi wannan tsarin, a sa masa wa'adi tun farko, miji da mata su amince a kai.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Ka san ko aikin na dindindin ne ko kwantiragin shekara ɗaya, domin ƙungiyoyi da yawa masu biyan albashi mai tsoka aikinsu yana ƙarewa ranar da kuɗin masu ba da tallafi ya ƙare, hayarka kuwa ka riga ka biya. Ka tambaya ko akwai kuɗin ƙaura, ko bashin haya da za a riƙa cira a hankali, ko motar ma'aikata, ko inshorar lafiya da ta haɗa da iyali. Duk abin da aka yi maka alkawari a sa shi a rubuce. In aikin gwamnati kake yi a nan, ka bincika ko za a ba ka hutu ba albashi kafin ka ajiye aikin gaba ɗaya. Kada ka sayar da fili ko gonar gado don biyan hayar shekarar farko. Haya tana ƙarewa bayan wata goma sha biyu, mai gida ya dawo da sabon farashi, filin kuwa ya tafi ke nan.

Iyayenmu da ke zaune a nan, ina da roƙo a gare ku. Yaro ya zo da takarda, kada murnar a ce ɗanku yana Abuja ta sa ku tura shi bai shirya ba. In kuma ya je ya ga ba ta ɓulle ba ya dawo, ku karɓe shi hannu biyu, kada a bar 'yan unguwa su mayar da shi abin zance. Tsoron a ce ya kasa ya riƙe mutane da yawa a birni suna cin bashi suna biyan bashi.

Ku kuma ƙannena masu takarda a aljihu, kafin ku sa hannu ku nemi kwana uku ko huɗu ku je garin. Ku sauka wajen ɗan uwa a unguwar da kuke ganin za ku iya biya, ku fita da shi ranar Litinin da asuba, ku bi hanyar har ƙofar ofishin, ku dawo da yamma tare da jama'a. Ku shiga kasuwa ku tambayi kwanon shinkafa, ku tambayi ɗan garuwa nawa ne kura, ku shiga makarantar da za ku sa yara ku ji kuɗin zango, ku sa ejan ya nuna muku gida uku. Ku rubuta komai, ku dawo ku zauna da iyalinku da iyayenku, ku yi istihara, sannan ku ba da amsa.